Walimar Malama: Mun Taru, Mun Ci, Amma Wa Muka Karrama?

A watan jiya ne tsofaffin ɗalibai da iyayen yara na Zango suka shirya wa Malama walimar sallama bayan ta ajiye alli. Ba za mu buga sunanta ba, domin ita da bakinta ta roƙe mu kada mu sa suna ko hoto. Kuma dai babu gidan da ke buƙatar a faɗa masa wadda muke nufi. In ka ce "Malama" kawai, daga bakin tasha har Isale Oja, an gane. Sama da shekara talatin tana riƙe da ƙananan azuzuwa a makarantar firamare ta gwamnati, kuma cikin waɗanda ta koya wa riƙon fensir yau har da masu jikoki.

Yabon gwani ya zama dole, don haka mu fara da shi. Kwamiti ya yi aiki. Rumfuna sun wadata, kujeru sun isa, janareta bai ba mu kunya ba. Mahautanmu na kwatar Oko-Oba suka kawo sa, 'yan goro da 'yan canji suka haɗa nasu, mata suka fito da anko har layin ya yi kyau. Abokan aikinta Yarbawa sun zo da yawansu, wasu ma tsofaffi ne da suka riga ta yin ritaya. Abin da ya fi duka, a iya tunawarmu wannan ne karo na farko da unguwar nan ta kafa wa mace rumfa ba don aure ko suna ko dawowa daga Makka ba, sai don aikin da ta yi da hannunta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, Allah Ya saka wa duk wanda ya sa hannu.

To amma fa mu ma mun sa kuɗinmu, matanmu sun ɗinka ankon, saboda haka muna da bakin magana. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Mu ɗauki ɗan littafin da aka raba a wurin. Takardarsa mai sheƙi ce, bugun ya fita tas, an kashe kuɗi. Ka buɗe shafin farko, hoton uban taro. Na biyu, babban baƙo. Na uku, uwar taro. Daga nan sai saƙonnin taya murna, kowane da hoton mai saƙon ya cika rabin shafi, a ƙasa kuma adireshin shagonsa da lambar waya. Mun ƙirga shafukan da suka yi magana a kan Malama ita kanta, ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Ko su ɗin ma me ke ciki? An haife ta, ta yi makaranta, ta kama aiki, ta yi aure, Allah Ya albarkace ta da 'ya'ya, mace ce mai haƙuri da riƙon amana. Wallahi in ka cire sunan ka sa na kowace baiwar Allah a Agege, zancen zai zauna daram. Wanda bai san ta ba, in ya karanta littafin nan daga bango zuwa bango, zai san wanda ke sayar da siminti da wanda ke canjin dala a unguwarmu, amma ba zai san abin da Malama ta yi a aji ba ko na rana ɗaya.

Alhali kuwa abin faɗa yana nan jibge. Sai dai ba ya fitowa sai an tuna irin unguwar da ta yi aiki a cikinta. Kakanninmu ba karatun boko ya kawo su Agege ba, goro ne da shanu. Tun da layin dogo ya haɗa Ikko da Kano a 1912, fatake ke sauka nan su sayi goro, a ɗaure huhu a ɗora wa jirgi. Yaro ya tashi ya ga ubansa yana juya dukiya ba tare da ya san ABCD ba, to da wace hujja za ka ce masa ya je ya zauna a benci? Karatun addini kam ba a bar mu a baya ba, makarantun allo cike suke, ga kuma Markaz ta Shehu Adam Al-Ilori da aka kafa a Abeokuta a 1952 kafin ta dawo Agege. Amma a boko, maƙwabtanmu sun yi mana nisa. Gwamnatin Awolowo ta fara ilimin firamare kyauta a Jihar Yamma tun 1955, lokacin Agege tana ƙarƙashinta, 'ya'yan Yarbawa suka yi ta shiga, namu kuwa ɗai-ɗai. Sai da shirin UPE ya zo a 1976, sannan Jakande ya hau gwamnan Legas a 1979 ya gina azuzuwan nan da mutane ke yi wa ba'a suna cewa akurkin kaji, ya kuma kashe tsarin 'yan safe da 'yan rana, sannan ƙofa ta buɗe sosai. Malama tana cikin 'yan matan Zango ƙalilan da suka shiga ta wannan ƙofa suka kuma fita ta ɗaya gefen da takardar malanta a hannu. Ko layi ɗaya a kan wannan babu a littafin.

Kuma a duba abin da ta tarar a aji. Tsarin ilimi na ƙasa na 1977 ya ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankin da yake, sannan a koma Turanci. A takarda abin ya yi daidai, kuma gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya nuna yaran da aka koyar da Yarbanci shekara shida ba su rage komai ba, har ma a Turancin. To amma a Agege harshen yanki Yarbanci ne. Ɗan Bahaushe mai shekara shida da ya fito daga cikin gida, ko wanda aka kawo daga Katsina ko Maraɗi watan jiya, sai ya tarar malami yana Turanci, in yara ba su gane ba ya fassara musu da Yarbanci. Shi kuma ba ya nan ba ya can. Ya yi shiru a bayan aji, a ce daƙiƙi ne, ya sha bulala, bayan zango biyu ya daina zuwa. Da yawa cikinmu mun san wannan bencin na baya, mun zauna a kansa.

Malama ce ta riƙa ɗauko irin waɗannan yara daga bayan aji. Harsuna uku take juyawa a darasi ɗaya, ba tare da ta sa ɗan kowa ya ji shi bare ne ba. Ta lura cewa yaron da ya fara da allo yakan buɗe littafin rubutu daga baya, ya fara daga dama zuwa hagu, wani lokaci har ya juya baƙaƙen. Wasu malamai duka suke yi a kan haka. Ita kuwa sai ta ce masa, "Ɗana, kai ai hanya biyu za ka iya, sauran ɗaya suka iya," ta sa masa ɗigo a gefen hagu na kowane layi har hannunsa ya saba. A lissafi, ɗan mai goro ya riga ya san ƙwarya ɗari ce, rabinta hamsin, ya san canji tun kafin ya san rubuta biyar, sai ta kama daga nan. Akwai kuma aikin da ba wanda ke gani, wato rajista. Sau nawa magatakarda ya rubuta Abubakar ya koma Bakare, Usman ya koma Sunmonu, ko a sa wa yaro sunan garin ubansa bana, baɗi a sa na kakansa? Wanda ya taɓa zuwa neman aiki ko fasfo da takardu masu suna iri uku ya san azabar. Malama takan zauna bayan an tashi, ta bi sunayen yaranmu ɗaya bayan ɗaya, ta aika gida a tambayo daidai. A shekarun tashin hankali kuwa, irin na Ketu a 1999 da na Idi-Araba a 2002, lokacin da iyaye ke loda mata da yara a mota zuwa Arewa, takan roƙi shugaban makaranta kada a soke sunayensu, ta ce za su dawo. Mafi yawansu sun dawo, suka tarar da gurbinsu.

Sai maganar 'yan mata da talla, wadda a nan ne ta fi shan wuya. Ba ta taɓa tsayawa a taro ta zagi iyaye ba, ba ta kuma ce a daina talla ba, don ta san daga farantin nan ake tara kayan ɗaki. Zuwa take yi da yamma, ta tsaya a zaure, ta gaida maigida da ladabi, ta ce, "Alhaji, aronta na zo. A ba ni ita daga safe zuwa azahar, in ta taso ga farantinta nan." In ya ce sai ya yi shawara, ta dawo jibi. In ya ce uwar ce ba ta so, ta shiga ciki ta zauna a tabarma ta yi ta hira har a kira magariba. Wata da muka zanta da ita a gefen rumfa, yanzu ma'aikaciyar jinya ce, ta ce sau bakwai Malama ta zo gidansu, a na bakwai mahaifinta ya ce, "Ke dai kin fi ni naci, ɗauke ta." Wannan matar tana wurin taron, da ankonta, ba wanda ya ba ta lasifika.

Wa aka ba? An sa ƙarfe goma a katin gayyata, ba a fara ba sai bayan azahar, ana jiran babban baƙo. Malama kuwa, wadda shekara talatin ba ta yarda yaro ya makara ba, tun tara da rabi tana zaune. Da aka fara, sai gabatar da manyan baƙi, kowa da sarautarsa da muƙaminsa, in an tsallake ɗaya a dawo a ba da haƙuri. Maroƙi ya kama kirarin masu kuɗi, aka yi ta liƙi, kuma rabin liƙin a goshin maroƙin ya sauka. Wani mai jawabi ya shafe lokaci yana bayanin rijiyar burtsatsen da ya haƙa. Wani ma sunanta ya kuskure, sai da aka raɗa masa. Haba jama'a! Ba mu ce kada a girmama manya ba, ai tuwon girma miyarsa nama, kuma su suka ɗauki nauyin rabin hidimar. Amma taron na wane ne?

Masu jawabi uku, ɗaya bayan ɗaya, sun kira ta Nana Asma'un Agege, aka yi tafi. Kwatancen ya yi daɗi a kunne, sai dai da alama masu yin sa ba su tsaya sun duba abin da suke faɗa ba. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ba don ta yi ilimi ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa kaɗai ake tuna ta ba. Abin da ya sa aikinta ya rayu bayanta shi ne tsarin 'yan taru. Ta zaɓi mata dattawa ta naɗa su jaji, ta ba kowace malfa da jan rawani, su zo daga ƙauyuka su ɗauki karatu su koma su koyar da wasu, in jaji ta tsufa wata ta gaje ta. Wato ba ta bar abin ya tsaya a kanta ita kaɗai ba, kuma jama'ar zamaninta sun ba ta matan da za ta horar. Mu fa? Ranar Litinin ɗin da ta biyo bayan walima, yara sun koma makaranta, kuma a iya bincikenmu babu malami ko malama ko ɗaya a ƙananan azuzuwan da zai iya ce wa yaro "zo nan" da Hausa. Wannan ba laifin hukumar makaranta ba ne, ba za su ɗauki wanda bai nema ba. 'Ya'yan wa muka tura?

A nan ne abin ya fi yi mana ciwo, domin mu da muke tafi mu ne muke hana 'ya'yanmu aikin. Yarinya ta gama sakandare ta ce tana son koyarwa, sai a ce, "Malanta? Wahala ba riba." Namiji kuwa gara a buɗe masa teburin POS ko a haɗa shi da ɗan canji ya koyi sana'a. Mun manta cewa Abubakar Tafawa Ɓalewa malamin makaranta ne, haka Malam Aminu Kano, haka Shehu Shagari. Hanyar kuma ba ta toshe ba. Takardar NCE, wadda ita ce mafi ƙanƙantar shaidar koyarwa a yanzu, shekara uku ake yi. Ga kwalejin tarayya a Akoka, ga Jami'ar Ilimi ta Jihar Legas da aka kafa a 2022 daga kwalejojin Ijanikin da Epe. Gaskiya ne yaranmu suna da wata matsala ta daban, ta takardar asalin jiha: an haife su a nan, an haifi iyayensu a nan, amma sai a ce su je garinsu, garin da wani bai taɓa kwana bakwai a cikinsa ba. To ai irin wannan ce maganar da ya kamata a ɗora a gaban manyan baƙi tun da ga su a zaune, su ne masu shiga inda ba ma shiga. Ba wanda ya tayar da ita.

Haka ma maganar fansho. Kusan kowane mai jawabi ya ce ladan malami yana Lahira. Allah Ya sa haka, amin. Amma mai gidan haya ba ya jiran Lahira, haka mai kantin magani. Tun dokar fansho ta 2004, da wadda Jihar Legas ta yi a 2007, tsarin ya koma na tara-da-kanka: ana cire wani kaso daga albashi, gwamnati ta ƙara nata, a zuba a asusun ma'aikaci. Wanda ya fara aiki kafin dokar, irin Malama, yana da haƙƙin shekarun baya, kuma sai an lissafa shi an zuba a asusun sannan kuɗinsa ke fitowa cikakke. Duk mai tsohon ma'aikaci a gida ya san tsakanin albashin ƙarshe da fanshon farko akwai rata, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa ya san yadda kasuwa take. Me muka ba ta na tsallake wannan rata? Allon yabo na katako mai ruwan zinare, babban hoto a firam, agogon bango, da turamen atamfa. Firiji ɗaya ne abin da za a ce ya yi amfani, shi ma tsofaffin ɗalibanta mata ne suka yi adashi suka saya, ba a ko ambace su ba. Kuɗin da aka kashe wajen buga littafin nan mai sheƙi da kalanda da jakunkunan rabo, da an ba ta a ambulan, da ya riƙe ta watanni.

Ba a miƙa mata lasifika ba sai da la'asar ta kawo jiki, an fara rabon abinci a robobi, manyan baƙi sun fara duba agogo, yara na wawar lemo. Ba ta yi minti biyar ba. Ta gode wa Allah, ta gode wa iyaye da suka ba ta amanar 'ya'yansu, ta juya ta gode wa abokan aikinta da Yarbanci, har wata tsohuwa cikinsu ta share hawaye. Ta nemi gafarar duk wanda ta taɓa bugu. Sannan ta ce akwai yara huɗu a layin bayan kasuwa da suka isa shiga aji ɗaya ba a kai su ba, ta san iyayensu suna cikin rumfar nan, ba za ta kira suna ba, amma tana nan tafe. Waɗanda suka ji sun yi dariya. Mafi yawa ba su ji ba, saboda maroƙi ya riga ya koma bakin aiki a can gefe, yana raka babban baƙo zuwa mota.

Mun ji cewa akwai ragowar kuɗi a hannun kwamiti, kuma wasu na son a sake buga kalanda da su. Muna roƙo, don Allah a dakata. Shawararmu ita ce a raba su biyu. Kashi ɗaya a kai mata gida, ba taro ba hoto. Ɗaya kashin a fara asusu da shi na biya wa 'yan unguwa biyu, ko da mace ɗaya namiji ɗaya, kuɗin karatun malanta, bisa sharaɗin su dawo su nemi aiki a makarantun da ke kewaye da mu, kuma a bar wa Malama zaɓen su, don ta fi kowa sanin wanda zai iya. Waɗanda suka sayi rabin shafi don hotonsu, ga inda za su sa suna ya daɗe. Masu unguwa da fadar Sarkin Hausawa kuma su taimaka da maganar takardun yaran.

Littafin kuwa sai an sake shi, ko da a farar takarda ce ta kwafi. Mujallar nan ta ɗauki nauyin tattarawa. Muna neman tsofaffin ɗalibanta, maza da mata, na nan da waɗanda suka koma Kano ko Sakkwato ko Yamai, kowa ya rubuto abin da ya tuna, da Hausa ko Turanci ko ajami. Wanda ba ya son rubutu ya yi magana a waya ya turo, za mu rubuta masa. Ba ma son "mace ce mai haƙuri", wannan mun riga mun samu. A faɗa mana ranar da ta zo gidanku, me ta ce wa Baba, me Baba ya ce mata. Duk mai tsohon katin sakamako ko littafin rubutu da jan bironta a ciki ya kawo, za mu ɗauki hotonsa mu mayar masa da kayansa a ranar. Za a riƙa karɓa a ofishin mujalla kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci, har zuwa ƙarshen wata mai zuwa.